Kaza Mai Kwanci Ma Tana da Hakki

'Yan uwana mata, idan kaza ta shiga kwanci takan daina ƙwai, ta lafe a gurbi, kina kai hannu ta kai miki sara. Sai ki ga uwargida ta kife ta da kwando kwana biyu, ba tsaba ba ruwa, wai don ta manta. To, shin mallaka ta ba mu wannan damar?

Kazarki ce, ba musu, ƙwanta da namanta duk halal ne gare ki. Amma kwancin nan ba taurin kai ba ne, ɗabi'a ce da Allah Ya halitta mata, har ramewa take yi a kansa. Mun kuma san hadisin Bukhari da Muslim game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare da yunwa. Kyanwa fa, wadda ko ƙwai ba ta yi wa kowa!

In kina son 'yan tsaki, bar mata ƙwai kamar 10, kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Na zabi kan kai kwana 28. In ba kya so, kwashe ƙwan kullum, toshe gurbin, ki mayar da ita wuri mai iska da haske, ga dusa ga ruwa a gabanta. Cikin 'yan kwanaki za ta saki.