Zanen da ba ya ƙarewa: yin sa aka yi ko tarar da shi aka yi?

Ga wani ɗan aiki. Ku sami wuri mai rairayi, ku ja layi miƙaƙƙe mai tsawon santimita 81. Ku kasa shi uku. Ku share kashi na tsakiya, ku maye shi da layi biyu masu haɗa kai sama kamar jinkar ɗaki, kowane tsawonsa 27. Yanzu guntaye 4 gare ku, tsawonsu duka 108. Ku yi wa kowane guntu abin da kuka yi wa na farin. Za ku sami guntaye 16, tsawo 144. Ku ƙara: 64, tsawo 192. Ku ƙara kuma: 256, tsawo 256. Nan yatsa zai kasa, don guntun ya yi ƙanƙanta. Amma lissafi ba ya kasawa. Layin yana ta ƙara tsawo ba iyaka, alhali bakinsa biyu suna nan inda suke tun farko.

Wani malamin lissafi na ƙasar Suwidin, Helge von Koch, shi ya fitar da wannan zane a 1904. Irin zanen nan, wanda ɗan yankinsa yake kama da dukansa, ana ce masa firaktal. Benoit Mandelbrot ya raɗa sunan a 1975, daga wata kalmar Latin mai nufin abin da ya kakkarye. An haife shi a Polan a 1924, ya girma a Faransa, ya yi aiki a Amurka, ya rasu a 2010.

Akwai wani zane mai sunansa. Dokarsa gajera ce: ka ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara lambar da ka fara da ita, ka yi ta maimaitawa. In ka fara da 1, sai ka sami 2, 5, 26, 677, lambar ta gudu ke nan. In ka fara da rubu'i, ko ka kwana kana lissafi ba za ta wuce rabi ba. To, kowane ɗigo na takarda ana ba shi lambarsa. Wanda lambarsa ta zauna, a sa masa baƙi. Wanda tasa ta gudu, a ba shi launi gwargwadon saurin gudunta. Hannu ba ya iya wannan aiki, sai kwamfuta. Abin da ke fitowa kamar baƙin ƙwaro ne, gefensa cike da rassa da murɗe-murɗe. In an kusato da gefen, sai a ga waɗansu rassan, cikinsu kuma da ƙaramin ƙwaro irin babban.

Akwai mutane a ƙasashe da dama waɗanda wannan ne abin hutunsu, kamar yadda wani ke zaman dara da la'asar. Suna kutsawa cikin zanen, su nemi lungu mai kyau, su sa launi, su rubuta sunansu a ƙasa. Tambayata ke nan: mai sunan nan, shi ya yi hoton?

Waɗansu sun ce i. Mutum ne ya kafa dokar, in ji su, duk abin da doka ta haifa nasa ne. Maganar ba ta banza ba ce. Da ba a zauna an yi tunani ba, da ba wanda ya ga kome.

Ni dai ban gamsu ba. Abin da ka yi da kanka, kana da ikon sake shi. Magina in ta ga dama ta faɗaɗa bakin tulu, in ta ga dama ta matse shi. Mai zanen nan ba ya iya kau da reshe ko guda daga wurinsa. Mutum biyu da ba su san juna ba, ɗaya a Faransa ɗaya a Japan, in sun leƙa lungu guda, abu guda za su gani. Kuma shi kansa wanda ya rubuta dokar bai san abin da za ta fitar ba sai da injin ya nuna masa. Wa ya taɓa mamakin abin da ya shirya da kansa?

Sai na ga ya fi kama da mai gina rijiya. Ba shi ya yi ruwa ba, tarar da shi ya yi. Duk da haka ba a raina shi. Shi ya san inda za a sara, shi ya sha wuya gaba ashirin cikin ƙasa, kuma da sunansa ake kiran rijiyar. Mai zanen ma haka. Zaɓen lungu nasa ne, launi nasa ne, haƙurin jira nasa ne. Ya sa sunansa, ba laifi. Amma in ya ce shi ya ƙirƙiro rassan, ya ci abin da ba nasa ba.

Wuri guda misalin rijiya ya gaza. Mai gini in ya ci gaba, wata rana zai kai gindi, ya fito ya karɓi ladarsa. Wannan zane kuwa an kusato da shi sau miliyan bisa miliyan, sai rassa sababbi, da ɗan baƙin ƙwaron nan zaune a tsakiyarsu.