Eli Ya Sani, Amma Bai Hana Ba

Karatu: 1 Sama'ila 2:12-36; 3:11-14



Ran 14 ga Janairu 2020, a makarantar sakandare ta Nkolbisson da ke Yawunde, babban birnin Kamaru, wani ɗalibi ya soki malaminsa na lissafi, malamin kuwa ya rasu a ranar. Saurayi ne mai shekara 26, bai daɗe da kama aiki ba. Wanda ya soke shi yaro ne, bai kai shekara 18 ba. Ƙasa duka ta girgiza, malamai suka yi kuka, iyaye suka riƙe baki suna cewa, "Yaran zamani sun lalace." Ni ma haka na faɗa. Amma yaron nan ba daga sama ya faɗo ba. Daga wani gida ya fito da safiyar nan, wani ne ya haife shi, wata ce ta goye shi.

Shi ya sa nake so mu dubi gidan Eli yau.

Eli firist ne a Shilo, mutum mai tsoron Allah. Shi ne ya sa wa Hannatu albarka, a hannunsa kuma Sama'ila ya tashi. 'Ya'yansa biyu, Hofni da Finehas, su ma firistoci ne, amma ba ruwansu da Ubangiji. In mutum ya kawo hadaya, sai baransu ya zo da cokali mai yatsa uku ya caka a tukunya, abin da ya fito nasu ne. Har suka kai ga neman ɗanyen nama tun ba a ƙone kitsen ba, wanda ya yi gardama kuwa sai a ce za a ƙwace da ƙarfi. Ka lura da wannan. Yaron da ya saba samun abin da yake so, ranar da aka ce masa a'a, ƙarfi zai sa.

To, Eli bai yi magana ba ne? Ya yi. Ya kira su, ya ce labarin da yake ji ba shi da daɗi, ya gargaɗe su. Amma bayan maganar, ba abin da ya biyo baya. Suna nan a kan aikinsu, cokalin yana hannun baransu, naman kuma yana shiga gida. Da wani mutumin Allah ya zo wurinsa, laifin da ya ɗora masa shi ne ya girmama 'ya'yansa fiye da Ubangiji. Da Allah ya yi magana da yaro Sama'ila da dare, zancen ɗaya ne: Eli ya san abin da suke yi, bai kuwa hana su ba.

Ɗan'uwana, faɗa daban, hani daban. Da yawa daga cikinmu muna yin faɗa, ƙalilan ne ke hani.

Bari in ba ka labarin wani magidanci a ikkilisiyar da na yi hidima. Ɗansa yana aji uku a sakandare. Malami ya kama shi yana wasa da waya ana cikin darasi, ya karɓe ta. Yaron ya tashi ya shaƙe malamin, ya hankaɗa shi jikin allo a gaban yara fiye da tamanin. Shugaban makaranta ya ce a kira uban. Da magariba sai ga shi a ƙofata, ya ce, "Fasto, ka raka ni gobe mu roƙi shugaba kada a kore shi. Na kashe kuɗi da yawa a kan karatun yaron nan." Na ce, "Baba, ka je ka duba malamin?" Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce, "Ai shi ya ja. Wa ya aike shi taɓa wayar da na saya da kuɗina?"

Yaron yana tsaye a bayansa, yana jin kowace kalma.

A nan ne ciwon yake. Hannun da yaro ya ɗaga wa malami, sau da yawa bakin uba ne ya fara ɗaga shi. Kana cin tuwo da iyalinka kana cewa, "Malamin nan me ya sani? Ko keke ba shi da shi." Uwa ta ɗaura zane ta tafi makaranta tana zage-zage don an sa ɗanta shara. Wani uban ma har ɗan'uwansa mai kaki yake ɗauka su je a tsorata malami. Yaro yana kallo, yana koyon darasin da ya fi na aji shiga kai: wannan mutumin ba kowa ba ne. Ba zan ɓoye maka ba, ni kaina na taɓa yin ba'a ga malamar 'yata a gabanta, saboda kuskuren da na gani a takardar sakamako. Bayan kwana kaɗan na ji yarinyar tana maimaita maganata ga ƙawarta, har da irin muryata. Kunya ta kama ni. Sai da na zaunar da ita na ce na yi zunubi.

Kada ka ce ina wanke malamai. Akwai malamin da ke dukan yaro kamar jaki, akwai mai zagin iyayen yaro a gaban aji, akwai mai neman kuɗi ko neman 'yan mata da maki. Manzo Bulus, a Afisawa sura 6, bayan ya umarci 'ya'ya su yi biyayya, nan take ya juya ga ubanni ya gargaɗe su kada su tsokani 'ya'yansu har su fusata. Gargaɗin nan ya shafi duk wanda aka ba amanar yaro. A Kamaru ma dokar ilimi ta 1998 ta hana dukan ɗalibi da kowane irin cin zarafi a makaranta. In malami ya zalunci ɗanka, kana da hanya: ka je kai kaɗai, ka ji ta bakinsa, in ba a daidaita ba ka kai wa shugaba ko ƙungiyar iyaye da malamai. Abin da ba ka da shi shi ne izinin koya wa ɗanka ramuwa. Ka kuma tuna da halin da mutanen nan suke aiki a ciki. A 2022 malaman Kamaru sun ajiye alli na makonni, domin waɗansunsu sun yi shekaru suna koyarwa ba a biya su haƙƙinsu ba. Irin wannan mutum ne ka miƙa wa ɗanka tun safe har la'asar.

Makarantu kuma fa? Ana binciken jaka a bakin ƙofa, ana hana waya, ana zaman kwamitin horo, ana kora. Waɗannan suna da amfani, musamman inda wuƙa da ƙwayar tramol suka shigo. Amma kora kaɗai ba ta gyara kowa. Uba mai hali sai ya biya kuɗi a wata makarantar, yaron ya tafi da halinsa, wani malamin ya gāji masifar. Ɗan talaka kuwa sai tasha. An kawar da shi daga ido, zuciyarsa tana nan yadda take.

Ka san ƙarshen gidan Eli. Filistiyawa suka ci Isra'ila da yaƙi, Hofni da Finehas suka mutu rana ɗaya, aka ƙwace akwatin alkawari. Eli yana da shekara 98, idanunsa sun dushe. Da ya ji labari, ya faɗi da baya daga kujerarsa a bakin ƙofa, wuyansa ya karye. Shekara 40 yana shari'a wa Isra'ila, amma shari'ar mutum biyu a cikin gidansa ta gagare shi. Wannan yana ba ni tsoro, domin fasto ma yana iya kiwon garke duka ya rasa nasa.

Magidancin nan da na ba ka labari, mun daɗe a zaune a daren. Na karanta masa wannan sura. Ya yi shiru, can ya ce, "To, yaya zan yi?" Na ce ba ofishin shugaba za mu fara zuwa ba. Da sassafe muka nufi gidan malamin, mu uku. Ɗaki ɗaya ne na haya, matarsa tana shafa masa magani a wuya. Malamin Musulmi ne, ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Uban, mai furfura, ya durƙusa a gaban saurayin da bai wuce sa'an ƙanensa ba, ya ce, "Malam, laifina ne kafin ya zama na yaro. Ka gafarta mana." Yaron bai taɓa ganin ubansa a ƙasa ba. Ya fashe da kuka.

Duk da haka makaranta ta dakatar da shi, uban kuwa bai roƙi a rage ko kwana ɗaya ba. Ya biya kuɗin magani, ya sayar da wayar, yaron ya yi kwanakin nan a gona tare da shi. Ba zan ce maka ya zama mala'ika ba. Amma ya koma ajin malamin nan, ya kuma gama makarantar.

Kai fa, mai karatu, ka san sunan malamin ɗanka? Ka taɓa zuwa gaishe shi ba don an kira ka ba? Akwai abin da ka sani game da ɗanka, wuƙa a jaka, ko ƙwaya, ko zagin manya, wanda ka yi faɗa a kai sau goma amma ba ka hana ba? Kada ka jira takardar shugaban makaranta. Ka kira shi yau da dare.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini maganganun raini da na yi a kunnen 'ya'yana. Ka ba ni ƙarfin hali in hana, ko da ɗana zai yi fushi da ni. Ka kiyaye malaman da za su shiga aji gobe da tsoro a zuciya, ka ta'azantar da iyalan waɗanda aka kashe a bakin aiki. Ka kuma nemi yaran da suka zub da jini, a duk inda suke a tsare, ka kai su ga tuba. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.