Inuwar Wa Ce?

Bishiyar maina da ke ƙofar gida, ta mai gida ce ko ta unguwa? Tambayar da ke tasowa ke nan a Madaki duk lokacin da wani ya so fitar da shago bakin titi, ya ɗauko gatari.

Tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna a matsayin amana. Hukumar tsara birane ta jiha ce ke duba zanen gini ta ba da izini. To, amma ma'aikaci fili yake aunawa. Ba ya auna inuwar da tsofaffinmu ke zama bayan Azahar, balle saiwar da ke riƙe ƙasa kada ruwan Agusta ya mayar da layinmu kwari, kamar yadda zaizaya ta yi wa wasu unguwannin Gombe.

Shi ya sa muke cewa takardar izini tana halatta gini, amma ba ta yafe haƙƙin maƙwabci. A 2019 gwamnati ta ƙaddamar da shirin 3G, da burin dasa bishiya miliyan ɗaya kowace shekara. Ina amfanin ana dasawa can, mu muna sarewa nan? Dashen bana sai ya yi shekaru kafin a sha inuwarsa.

Kowa da iyalin da zai ciyar, mun sani. Amma kafin a kira mai sara, a je wurin mai unguwa, a zauna da maƙwabta. In sarewar ta zama dole, wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu, ya shayar da su har su kama.