Shin Kuskuren Kotu Yana Halatta wa Ɓarawo Abin da Ya Sata?

Ga wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Mutum ne ya amsa laifinsa, alƙali ya ce a ƙwace dukiyar da ya tara ta hanyar haram, ko ya biya wanda ya cuta diyya. Daga baya aka gano kotu ta tsallake wata ƙa'ida. Shin a soke umarnin, a mayar masa da kuɗin?

An yi haka a Ingila. Dokarsu ta 1988, wadda ake aiki da ita a wancan lokacin, ta ce idan za a ɗage batun ƙwace dukiya, kada a wuce wata 6 sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A shari'ar Soneji, wanda ya amsa laifin haɗa baki wajen ɓatar da sawun kuɗin haram, an zarce wa'adin, kotun ɗaukaka ƙara kuwa ta soke umarnin. Amma a 2005 alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka dawo da shi. Hujjarsu ita ce, waɗanda suka tsara dokar ba su nufi irin wannan tuntuɓe ya rushe hukunci baki ɗaya ba.

Na yarda da su, amma da sharaɗi. Ƙa'ida ba ado ba ce, garkuwa ce ga marar gata. An yanka wa'adi ne don kada a bar mutum a rataye, bai san makomar gidansa ba. Hukumar da ke hukunta mai karya doka bai kamata ta riƙa yafe wa kanta ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To ina mafita? A ganina, a tambaya: wa kuskuren ya cuta? Idan an hana mutum damar nuna cewa gidan nan gadonsa ne, ba kuɗin sata ba, lallai a soke, don an taɓa adalcin kansa. Idan kuwa kwanan wata kawai aka kuskure, a tsawata wa mai sakacin, a bar umarnin. Tuna da matar da aka damfara, tana jiran diyyarta. Ba ita ta manta da ranar zama ba, don me ita za ta biya?

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.