Katako Mai Taya: Jaruntaka Ce, Ko Gwada Allah?

Waɗanda a cikinmu suka shiga birnin Kano a 'yan shekarun nan sun ga samari sanye da takalma masu taya suna ratsa tsakanin motoci, wani ma ya kama bayan a-daidaita-sahu tana jan sa kamar akuyar da za a kai kasuwa. Akwai kuma ɗan'uwan wannan takalmi, wato katako mai taya huɗu wanda yaro yake tsayawa a kai yana tura shi da ƙafa ɗaya. A nan Zandam da sauran garuruwan Gwaram katakon bai zama ruwan dare ba, domin yana da tsada, kwalta kuma ba ta wadace mu ba. Amma sha'awarsa ta riga shi isowa ta cikin wayar hannu. Yaron da ya kalli tsaransa na Legas ko na Amurka yana tashi sama da katako manne a tafin ƙafarsa, gobe za ka tarar ya samo guntun falanki da tsohon boris yana ƙwanƙwasawa a bayan gida. Iyaye kuwa suna tambaya, wasu cikin fushi, wasu cikin tsoro: a hana ne, ko a bari?

Tambayar ta fi ƙarfin katako. Abin da ake tambaya shi ne ko ya halatta ɗan Adam ya sa jikin da Allah ya ba shi cikin haɗari saboda wasa kawai, in kuma ya halatta, ina iyakarsa.

Bari mu fara sanin abin da muke magana a kai. Katakon bai kai kamu biyu tsawo ba, faɗinsa kamar taƙi ɗaya. Akan yi shi da siraran falle bakwai na itace da aka manne da juna, a shimfiɗa masa takarda mai kaushi a sama domin kada ƙafa ta zame. Ya samo asali a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, wurin samarin da suke hawan igiyar ruwan teku, waɗanda suka nemi abin yi a ranakun da teku ta kwanta. Tayoyin farko na ƙarfe ne ko na wani irin yumɓu, tsakuwa ɗaya takan kā da mutum. Sai a farkon shekarun 1970 aka kawo tayoyin roba masu kama ƙasa, wasan ya bazu. Da fari ya afka wa Kalifoniya a 1976 da 1977, masu gidaje suka bar wuraren ninƙayarsu babu ruwa, yara suka riƙa shiga waɗannan ramukan siminti suna hawa bangonsu. Hukumomi sun yi ta fama da su. Ƙasar Norwe ta haramta katakon gaba ɗaya daga 1978 zuwa 1989 saboda raunukan da yara suke ji, amma samari suka riƙa shigo da shi a ɓoye, suna kafa wuraren wasansu cikin daji inda babu babba ko ɗaya da zai gan su in sun faɗi. Daga baya abin da aka kora ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo a 2021, inda wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci lambar zinariya, ta biyunta kuma, Rayssa Leal ta Burazil, ita ma shekararta 13.

Kada mu yi saurin cewa baƙuwar al'ada ce ta zo ta lalata mana 'ya'ya. Tayar ce baƙuwa, zamiyar tamu ce. Duwatsun Birnin Kudu, inda zanen shanu na mutanen dā yake har yau a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, su ne wurin da masanin tarihi Bernard Fagg ya bayyana wa duniya duwatsu masu amo kamar ƙararrawa a 1955. A 1957 ya yi rubutu a kan waɗannan duwatsu masu amo tare da wasu santsattsun hanyoyi da ake samu a jikin duwatsun ƙasar nan, waɗanda suka yi sulɓi saboda yawan sulu da aka yi a kansu. Sai an yi tsara bayan tsara ana gangarowa kafin dutse ya yi ƙyalli haka. Dattijon da yake tsawata wa jikansa yau, in ya yi gaskiya, zai tuna wandon da ya yage a kan dutse, da langa da aka yi har gwiwa ta ɗaye, da ranar da ya ɗafe bayan motar gyaɗa mahaifinsa bai sani ba.

Ikkilisiya ba ta taɓa ɗaukar wasa a matsayin ɓata lokaci ba. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tattauna wannan batu a cikin babban littafinsa na tauhidi, ya nuna cewa kamar yadda jiki yake bukatar hutu bayan aiki, haka rai yake bukatar nishaɗi. Ya kawo tsohon labarin Yohanna Mai Bishara, wanda wasu suka ga yana wasa da almajiransa suka yi gunaguni. Yohanna ya ce wa ɗayansu mai riƙe da baka ya yi ta harbi ba tsayawa. Mutumin ya ce in ya yi haka bakan zai karye, Yohanna ya ce zuciyar mutum ma haka take. Akwinas ya ƙara da abin da zai ba wasunmu mamaki: mutumin da ba ya wasa ko kaɗan, yana kuma ɓata wa masu yi rai, shi ma yana da aibi. Annabi Zakariya kuwa, da yake kwatanta Urushalima da Allah zai sāke ginawa, a sura ta 8, alamar salama da ya ba da ita ce tsofaffi zaune a dandali da sandunansu, titunan birni kuma cike da yara maza da mata suna wasa. Mu lura, a titi ya ce.

To, wani zai ce, wasa daban, haɗari daban. A bar su su buga ƙwallo ko dara. Wannan magana tana da ƙarfi, amma ba ta kai ƙarshe ba. Wanda ya tsaya ya kalli yaro yana koyon katakon nan zai ga cewa faɗuwa ce rabin karatun. Yakan gwada tsalle ɗaya sau hamsin, ya faɗi sau arba'in da tara, babu malami a kansa da bulala, babu ladan da aka yi masa alkawari. Yana koyon yadda zai faɗi ya mirgina, da yadda zai auna abin da ya fi ƙarfinsa yau ya bar shi sai gobe. Ƙarfin zuciya yana ɗaya daga cikin manyan halaye huɗu na kirki da Ikkilisiya take koyarwa, tare da hikima da adalci da kamun kai, kuma malamanmu sun ce yana tsaye ne tsakanin ragwanci da ganganci. Ba a haifar mutum da shi cikakke, sai an horar da shi, horon kuwa ba ya yiwuwa inda babu abin tsoro ko kaɗan. Yaron da aka hana shi hawa kowace bishiya da tsallake kowane rami, ina zai samo zuciyar da zai ƙi karɓar cin hanci, ko ya tsaya kan bangaskiyarsa ranar da tsayawar za ta yi tsada? Ba mu ce katako yana mai da mutum waliyyi ba. Mun dai ce ƙujewar gwiwa ba zunubi ba ce, wani lokaci ma kuɗin makaranta ce.

Amma akwai wata faɗuwa da Ubangijinmu ya ƙi. A Bishara ta hannun Matiyu sura ta 4, Iblis ya kai shi kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya dira ƙasa, tun da mala'iku za su tare shi. Yesu, wanda daga baya ya nufi Urushalima ya san gicciye yana jiransa, ba matsoraci ba ne, duk da haka ya ƙi, ya ce wannan gwada Allah ne. Me ya raba wannan da jaruntaka? Dirowar ba ta da amfanin kowa, a gaban taro za a yi ta domin a yi shewa, kuma mai yin ta ya ɗora wa wani nauyin cetonsa. Mu ɗauki ma'aunin nan mu auna saurayin da ya kama bayan mota a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu, abokinsa yana ɗaukarsa hoto da waya. Ba ya koyon komai da ba zai koya a fili ba. 'Yan kallo yake nema, ransa kuma ya miƙa shi ga birkin wani direban tirela da bai san da shi ba. Katekisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, a ƙarƙashin doka ta biyar, sakin layi na 2290, ya ɗora babban laifi a kan waɗanda saboda maye ko son gudu suke sa ransu da na wasu cikin haɗari a hanya. Ba a ce sai mai mota kaɗai ba.

Kalmar nan "wasu" ita ce samari suke mantawa. Sukan ce jikinsu ne, in sun karye su za su ji zafi. Manzo Bulus ya riga ya gaya wa Korintiyawa cewa jikin mai bi haikali ne, ba mallakarsa ba. Ko a ajiye tauhidi, mu yi lissafin gida. Ƙafa in ta karye, mai ɗori zai gwada. In ta fi ƙarfinsa sai asibitin tarayya na Birnin Kudu, sai a sayar da buhun riɗin da aka ajiye domin kuɗin makarantar ƙanwarsa, uwa ta bar gona ta kwana a gefen gado. Kai kuwa in ya bugu da kwalta, babu mai ɗorin da zai ɗora shi, shi ya sa hular kwano ba abin kunya ba ce. Direban da ya take yaro ba da laifinsa ba zai ɗauki wannan hoto har kabarinsa, in ma ya tsira daga hannun taro. Mu da muke zaune 'yan ƙalilan a tsakiyar maƙwabta, mun san yadda ƙaramin hatsari yakan rikiɗe ya zama wata magana dabam.

Har yanzu dai yatsanmu yana nuna yara ne, alhali sauran yatsun suna kallonmu. Me ya kai yaro titi? Dandalin da muka yi wasa a kai an yanka shi filoti, ko an kafa shaguna. Kwaltar gwamnati ita ce kaɗai shimfiɗaɗɗen wuri mai santsi da ya rage masa. Waliyyi Yohanna Bosko ya tarar da irin wannan a birnin Turin na Italiya, yara 'yan ci-rani suna gararamba, ana korarsu daga kowane fili saboda hayaniya. A 1846 ya samu wata rumfa da ɗan fili a unguwar Baldoko, ya tara su. Shi kansa tun yana yaro ya koyi tafiya a kan igiya da wasannin dabo domin ya jawo tsaransa su ji wa'azi. Hanyarsa ita ce babba ya kasance a tsakiyar wasan, yana gudu tare da su, har laifi ya rasa ƙofar shiga. A zamaninmu ma an gwada. A unguwar Kitintale ta Kampala, a ƙasar Yuganda, samari sun gina filin katako da hannunsu, da bulo da siminti. A Ankara ta ƙasar Gana an buɗe wani a 2021. A Kabul, ƙungiyar Skateistan da ta fara a 2007 ta yi amfani da katakon ta jawo yaran titi zuwa aji, har da 'yan mata da yawa, domin al'adar da ta hana su hawa keke ba ta san katako ba balle ta hana shi. Juyin mulkin 2021 ya katse wannan aiki yadda aka san shi. Wannan ya sa mu tuna 'yan matanmu, waɗanda ba wanda yake gardama a kan wasansu, domin farantin talla da tulun ruwa ba su bar musu lokacin da za a yi gardama a kai ba.

Mun san za a ce talaka ina ya ga siminti na wasa, alhali rufin majami'a yana yoyo. Gaskiya ne. Za a kuma ce wasan yakan zo da wasu ɗabi'u, raina manya da sagaggen wando da shan ƙwaya. Wannan ma ba ƙarya ba ce a wasu wurare, ko da yake maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana a 2018 bai jira katako ba kafin ya shiga garuruwanmu. Ya fi samun yaran da ba su da abin yi da la'asar. Harabar majami'unmu da yawa a kulle take daga Litinin zuwa Asabar, awaki kaɗai suke morarta. Daɓen da ake shanya hatsi a kai da kaka, watanni nawa yake zaune ba aiki? Ba lalle sai katako na kanti ba; boris da gare da ƙwallo duk suna bukatar abu ɗaya, wato fili nesa da mota, da babba ɗaya mai haƙuri da zai zauna a wurin, ya iya cewa "wannan kam bari sai ka ƙware", ya kuma san inda ake ajiye auduga da maganin ciwo.

Akwai wata matsala da kwamitin majami'a ba zai tsallake ba. Ranar da aka buɗe ƙofa, yaran maƙwabtanmu Musulmi za su zo, domin yaro ba ya tambayar addinin taya. Korarsu ba ta dace da mu ba, karɓarsu kuma ba da sanin iyayensu ba zai iya haifar da zargi, in kuma ɗayansu ya ji rauni a harabarmu maganar za ta yi nauyi. Saboda haka kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, ya kamata Fada da katekist da shugabar Zumuntar Mata su je wurin mai unguwa da dagaci su shimfiɗa maganar. Mai yiwuwa a tarar cewa filin da ya fi dacewa ba namu ba ne, na makarantar firamare ne, kuma dattawan can ma 'ya'yansu suna ɗafe mota.