Allon da Ba a Wanke Ba

Wayar Android da ake sayarwa a Kwanar Ɗangora tana gudana ne a kan ƙwayar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, akasarinta da harshen C. A wannan harshe, idan mai rubuta manhaja ya keɓe gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura bai zuba masa komai ba, sau da yawa gurbin ba ya zama fanko. Ragowar abin da wani aiki ya bari yana nan kwance, wataƙila sirrin mai wayar, kamar allon da almajiri ya ɗauka ba a wanke ba. To wanda bai rubuta komai ba, yana da alhaki? A ganina yana da shi, domin amana ba ta tsaya ga abin da hannu ya aikata ba, ta haɗa da abin da aka sani aka ƙyale.

Za a ce ai bai yi niyyar cuta ba, kuma wanke kowane gurbi yana ɗan rage sauri. Rashin niyya yana iya ɗauke zunubi, amma malaman fikihu ba su ɗauke wa mai sakaci biyan abin da ya salwanta a hannunsa ba. Duk da batun sauri kuwa, masu Linux ba su ƙyale lamarin ba: a 2020 suka cire uninitialized_var, dabarar da ke toshe bakin gargaɗi a kan gurbin da ba a wanke ba kawai, a 2022 kuma suka shigar da KMSAN, mai farautar irin waɗannan gurabe.