Narkarwa Ko Shafe: Daga Ina Maƙeri Ke Samo Zanensa?

Akwai wata tambaya da ta kamata mu marubuta mu yi wa maƙerin fari, wato mai ƙera 'yan kunne da zobe da awarwaro: wannan zanen da ka ɗora wa azurfa, naka ne ko na wani? In ya ce nasa ne, sai mu nuna masa dagin da ke jikin zoben, wanda tun kafin a haifi kakansa yana bangon gidajen birnin Zazzau da wuyan riguna. In kuwa ya ce na wani ne, to me ya sa in mace ta ga aikin daga nesa take gane hannun wane ne?

Ita kanta azurfar ba tasa ba ce. Maƙeran da sun daɗe suna narka liyari, kuɗin nan mai ɗauke da kan Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wanda ake buga wa shekarar 1780 ko da an yi shi bayan haka da shekaru masu yawa. Fatake su kawo shi, maƙeri ya jefa a wuta, yaro ya kama zuga-zugi, kan sarauniya ya narke ya koma munduwa a hannun amarya. Ba mu taɓa jin wanda ya kira wannan sata ba. Maƙeran Agadas kuma da kakin zuma suke siffanta abin wuyansu, su lulluɓe shi da yumɓu, su narkar da kakin, su zuba azurfa a gurbinsa. Sai an fasa yumɓun sannan a ciro aikin, saboda haka kowane ɗaya sai an sake siffanta shi daga farko, ko da siffar ta gado ce.

A nan Tudun Wada muna da misalin da ya fi kusa da mu. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi aikin Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, ya ɗebo labaran Magana Jari Ce (1937) daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da wasu wurare. To amma wa zai karanta ya ji warin baƙunta? Narka su ya yi. Haka ɗaliban zane da suka kafa ƙungiyarsu a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka dage a kan a gauraya abin da Bature ya koyar da abin da aka gada.

Shafe kuwa daban ne. A samo ƙarfe, a tsoma a ruwan zinariya, a sayar wa wadda ba ta sani ba. Marubucin da ya kalli fim ɗin Indiya, ya sauya sunaye, ya mai da Bombai Kano, ya buga sunansa a bango, shafe ya yi, kuma wanki biyu ya isa ya tona shi.

Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba. Yau mace kan zo da hoton sarƙar Dubai a wayarta, ta ce irin wannan sak take so. Maƙerin da ya ce a'a, sai ya ƙara nasa, ranar ba cefane. Yaron maƙera ma da kwaikwayo yake farawa, shekara da shekaru, kafin a bar shi ya karkata guduma yadda ya ga dama. A ganinmu ba laifin waɗannan biyun, tunda ba wanda suka ruɗa: mai sarƙa ta san abin da ta saya.

Ɗaliban shari'a na Kongo za su ce akwai dokar haƙƙin mallaka, ta 1988 da wadda ta maye gurbinta a 2023. Gaskiya ne, amma doka ba ta ba maƙeri ɗaya haƙƙin mallakar zanen gado ba. Dagi ba shi da uba, abin wuyan Agadas ma haka. In wani kamfani ya buga dubunsa da inji ya karya farashi, maƙerin da ya kwana yana siffanta kaki wace kotu zai nufa, kuma da sunan wa zai shigar da ƙara?